Wa Za Ka Fara Kira Ya Shiga Ɗakin?

Maigidana,

Uwarka ta ce kun gama haɗa wasan nan, kai da abokanka na jami'ar André Salifou, kuma da an kai amfanin gona gida za ku kawo shi Matameye ku gwada shi a kan mutane kafin ku fita da shi gari-gari. Yadda ta kwatanta mini, ba irin wanda ake shimfiɗa tabarma a zauna a kalla ba ne. Za ku gyara ɗaki da ɗan tsakar gida, wata abokiyar karatunku ta yi shigar tsohuwar da gigin tsufa ya kama, shi kuma wanda ya zo kallo a miƙa masa ƙwaryar fura a ce: yau kai ne mai jinyarta, shiga ka ba ta. Abin da ya faɗa mata da yadda ya taɓa ta, su za su juya akalar wasan. Allah ya yi muku albarka. Na yi jinyar mutane a asibiti har ƙarfina ya ƙare, na kuma yi ta uwar kakanka a ɗakin da kake kwana in ka zo hutu, saboda haka ka bar tsohuwar matarka ta sa baki ko da ba ka tambaye ta ba.

Kada wani ya ce maka aron Turawa ka yi. A Damagaram tun da can ana wasan kara, samari su yi shigar sarki da manyan gwamnati, har wanda ake kwaikwaya ya zo ya zauna ya ga kansa. Daga Damagaram ɗin nan Yazi Dogo da ƙungiyarsa suka taso suka cika gidajenmu ta rediyo da talabijin. A Zariya, tun ƙarshen shekarun 1970 malaman jami'ar Ahmadu Bello da ɗalibansu ke shiga ƙauyuka suna haɗa wasa da manoma a kan damuwar manoman. A Wagadugu, Prosper Kompaoré ya kafa ƙungiyarsa a 1978, suka shahara da salon nan na Augusto Boal ɗan Barazil, inda ake tsayar da wasa a tsakiya a kira ɗan kallo ya taso ya karɓi matsayin wanda abin ya dama ya gwada tasa dabarar. Kuna da magabata. Abin da yake sabo shi ne zancen da kuka ɗauko, don tsufan da ke cin hankali ba a cika fitowa da maganarsa zaure ba.

A ƙasashen da tsofaffi suka yi yawa an daɗe ana irin wannan, amma galibi ta ɗaya gefen. Wata ƙwararriya a jihar Jojiya ta Amurka, P.K. Beville, ta ƙirƙiro wani tsari a farkon shekarun 2000: a sa wa mutum tabarau mai dusashe gani, da safar hannu mai kauri, da wani abu mai tsini-tsini cikin takalmi, a cika masa kunne da hayaniya, sannan a tura shi ɗaki a ce ya yi ƴan ƙananan ayyuka, kamar ninke tufa ko zuba ruwa a kofi. Kafin wani lokaci sai ka ga babban mutum yana kewaya ɗaki bai san abin da ya kawo shi ba. A Ingila kuma, a 2016, ƙungiyar Alzheimer's Research UK ta fitar da wata manhaja ta salula, a saƙala wayar cikin kwali a ɗora a ido, mutum ya ga kansa cikin kanti, ko a hanyar komawa gida, ko yana ƙoƙarin haɗa shayi, komai na kuɓuce masa. Su marar lafiyar suke sa ka zama. Ku kun zaɓi mai jinya, kuma a ganina naku ya fi dacewa da gidajenmu, don nan babu gidan ajiye tsofaffi, babu ma'aikacin da ake biya. Duk abin da zai sami tsoho, na daɗi ko na wuya, daga hannun wata mace a cikin gida zai fito.

Sai dai ga abin da nake so ka riƙe. Wata mai bincike makauniya, Arielle Silverman, ta yi gwaji a jami'ar Kolorado, aka buga sakamakon a 2015. An ɗaure wa ɗalibai ido na ɗan lokaci aka sa su ƴan ayyuka. Da aka kwance musu aka tambaye su ra'ayinsu a kan makafi, sai ga shi sun fi waɗanda ba a ɗaure wa ido ba ganin cewa makaho ba zai iya aiki ko zaman kansa ba. Dalilin a fili yake. Firgicin ranar farko suka ɗanɗana, ba rayuwar wanda ya shekara ashirin yana ratsa gari da sandarsa yana sana'arsa ba. Wasanku ma zai iya faɗawa nan. Mutum ya shiga na minti ashirin, tsohuwa ta zage shi ta watsar da furar, ya fito yana Allah kada ka kai mu. Ya tsorata, bai koyi komai ba, gobe in ya ji gwaggonsa ta rikice sai ya ɗauke ƙafa daga gidanta. Babban aikin gwajin da za ku yi ke nan: ku gano ko ɗakin nan masu taimako yake fitarwa ko masu gudu.

Na san halinka, za ka so ranar farko ka tara manyan gari da likitoci da malamanka na jami'a. Ajiye su, ranarsu na zuwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka fara da waɗanda suke cikin jinyar yanzu haka, ko suka fito daga cikinta bai daɗe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke da wannan ciwo a duniya, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyar mata ke ɗauka. Wannan na ƙarshen ban buƙaci kowa ya lissafa mini ba. Matar ɗa ce, ko ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko jika. A nan ƙasar Kance kuwa har abin ya wuce haka. Kana yaro a watan Oktoba na 2013 lokacin da aka tsinci gawa 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara, da yawansu ƴan yankin nan. Tafiyar ba ta tsaya ba. In uwa ta tafi nema, uba na cin rani a Kano ko Libiya, wa aka bari da tsohuwa? Sau da yawa yarinya ce ƴar shekara 12 da aka cire daga lakwal. In wasanku bai san da ita ba, bai san Matameye ba tukuna.

Kada ka tara su da yawa. Masu gwajin manhajar kwamfuta suna da wata ƙa'ida da Jakob Nielsen ya yaɗa, cewa mutum biyar sun isa su tono maka mafi yawan kurakuran da ke cikin aikinka. Ka gyara, ka sake kiran wasu biyar. Ka yi haka, kuma kada ka sauya abu goma lokaci guda, don ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Wahalarka ta gaske kawaici ce. Babu matar da za ta dubi idon jikan makwabta, ɗan jami'a, ta ce masa aikinsa bai yi ba. "Madalla, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." In ka rubuta wannan a takarda ka koma Damagaram da shi, ka yi asarar kuɗin mota. Don haka kada ka tambayi kowa ko ya yi kyau. Mace ta yi musu tambayar, a keɓe, ba gaban miji ba, ba gaban dangin miji ba, kuma kada a haɗa kishiyoyi ko faccaloli zama ɗaya, don kowacce za ta riƙa auna abin da za a kai gida. A tambaye ta: wace magana tsohuwar nan ta yi da taki ba za ta taɓa yi ba? Me kika duba a ɗakin ba ki gani ba? A wane wuri kika ji kamar ki fita? Irin waɗannan ba su da amsar ladabi.

Fiye da bakinta ma, ka kalli hannunta. Wanda bai taɓa jinya ba, da ya shiga sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi ya miƙa ƙwarya daga tsaye. Wadda ta saba kuwa idonta zai fara sauka a murhu da ashana da wuƙa. Za ta zagayo ta gaba, ba ta baya ba, don kada ta firgita ta. Za ta durƙusa har fuskarsu ta yi daidai, ta kai hannu a ɓoye ta shafa shimfiɗa ta ji ko da danshi, ta ɗebi furar da ludayi ta fara kurɓa a gaban tsohuwar, saboda ta san zargin an sa mata wani abu a ciki na nan tafe. Ba za ta gaya maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in ka tambaye ta, don ba ta ɗauke su ilimi ba. Kai ne za ka gani ka rubuta. Kuma duk inda ta tsaya turus ta rasa abin yi, kada ka yi saurin cewa ba ta gane wasan ba. Mai yiwuwa wurin ne wasan ya yi ƙarya. Ka kulle bakinka, kada ka leƙo ka ce abin da muke nufi shi ne kaza. Ranar da za a yi shi a Magariya ko Mirya ba ka nan balle ka yi bayani.

Za a yi dariya. Mun saba a wasanninmu tsohon da ya rikice abin ban dariya ne, kuma yarinyar da ke kwaikwayon, da ta ji an ƙyalƙyale, jikinta zai ja ta ta ƙara gishiri. Ka saurari dariyar da kyau, iri biyu ce. Akwai ta matar da ta rufe baki da gefen mayafi ta ce wallahi haka Inna take yi. Wannan ka bar ta, hutu ce, wataƙila ta daɗe ba ta samu wanda za ta yi ta da shi ba. Akwai kuma ta samarin da ke bayan taga. In ita ce ta fi yawa, ku koma ku sake zama da mai kwaikwayon, ta rage rawar murya da karkarwar hannu, ta bar tsohuwar da mutuncinta.

Akwai wuri guda da nake so ku daɗe a kansa. Da la'asar sakaliya, in rana ta fara ja, da dama daga cikin masu wannan ciwo hankalinsu kan ƙara tashi. Tsohuwa ta ɗaure ƴan tsummokaranta a ɗankwali, ta sa takalmi, ta ce gida za ta, innarta na jiran ta, alhali innar ta shekara arba'in a ƙasa. Ɗa mai son gaskiya sai ya ce, haba Inna, ai ta rasu tun ba a haife ni ba. Sai ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata da rasuwar, don a wurinta yanzun ne, kuma gobe za a sake. Wata kuma ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, tsohuwar ta yi ta bugu har dare. Wadda ta gogu sai ta ce, to Inna, bari rana ta ƙara sanyi, taya ni ɓarar gyaɗar nan tukuna. Wai ma ya sunan ƙawar nan taki da kuke zuwa rijiya tare? Hannu ya kama aikin da ya sani, baki ya kama labarin da bai goge ba, kafin a kira magariba an manta da ƙunshin. Ku ba mai shiga ɗakin damar bin kowace hanya daga cikin ukun ya ga inda take kaiwa. Kuma ku shirya, wata za ta tambaye ku ko wannan lallashin ba ƙarya ba ne, ko Allah zai kama ta. Tambaya ce ta gaske, tana hana mata barci. Ku samu malami mai sanyin hali ya zauna da ku. Alƙur'ani ya ambaci wannan matakin na tsufa a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, kuma malamai sun yi bayanin cewa wanda hankalinsa ya gushe an sauke masa nauyi. Mutane da yawa ba su san haka ba, suna ta faɗa da tsoho don ya yi azahar sau uku ko ya sha ruwa da rana cikin azumi.

Dole kuma ɗakin ya kasance da ƙofar nasara. Tom Kitwood na jami'ar Bradford ya shafe ƙarshen rayuwarsa, har littafinsa na 1997, yana jan hankalin masu jinya cewa mutumin yana nan, ciwon bai cinye shi duka ba. Na ga tsohon da bai san sunan ɗansa ba amma in aka ja masa farkon sura sai ya kai ta ƙarshe ba tuntuɓe. Na ga wadda ba ta gane ɗakinta amma a ba ta auduga da mazari ka sha kallo. In mai shiga ya yi abin da ya dace, to ya samu ladansa nan take: ta karɓi furar, ta kira shi da sunan wani ƙanenta da take so, ta sa masa albarka. Wanda ya ɗanɗani wannan shi ne zai koma.

Maganar sata da maita kuwa ku taka ta a hankali, amma kada ku tsallake. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta cikin tukunya ta manta, baƙi na zaune ta nuna matar ɗanta ta ce ga ɓarauniyar. Aure ya mutu a kan wannan ba ɗaya ba. In kuma ta fita da dare aka tsince ta a bakin hanyar Ɗan Barto ba mayafi, ko aka ji tana kiran sunayen matattu, sai a fara raɗa: kurciya aka yi mata, iskoki ne, ko dai ita ce ke cin yaran unguwa. A arewacin Gana, a watan Yuli na 2020, an kashe Akua Denteh, tsohuwa mai shekara 90, da duka a garin Kafaba bisa zargin maita, mutane na tsaye suna kallo. Raɗa ce farkon irin wannan. Ya kamata duk wanda ya fito daga ɗakinku ya fito da sanin cewa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'insa mafi yawa tun 1906, kuma hawan jini da shanyewar ɓarin jiki na jawo wani nau'in. Ba daga nesa yake ba: binciken da aka buga a 2011 a kan tsofaffin Zariya ya same shi a jikin kusan 3 cikin 100. Mu da kusan rabin mutanen ƙasarmu ba su kai shekara 15 ba, idonmu na kan yara, shi ya sa ba ma ganin su.

A nan bari tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ta yi magana. Wannan ciwo a hankali yake shigowa, wata da watanni, shekara da shekaru, kuma har yau ba a samo maganin da ke warkar da shi ba. Amma tsohon da jiya lafiyarsa lau, yau ya rikice, wannan wani abu ne daban. Zazzaɓin sauro na yin haka, ciwon mafitsara na yi, ƙishirwar bazara na yi, kuma duk ana maganinsu. A kai shi asibiti ranar, kada a ce tsufa ne. Ku gwada ku gani ko mutane sun fito da wannan bambancin a kansu. In ba su fito da shi ba, wasan zai iya sa a zauna da mai zazzaɓi a gida ana lallashi.

Sauran ƴan ƙanana ne amma kada ka raina su. A gaya wa kowa tun a zaure abin da zai tarar, kuma in ya ji ba zai iya ba ya ajiye ƙwaryar ya fito, ba mai tambayar sa dalili. Wadda ta binne uwarta bara ba a tura ta ciki don a ga hawayenta. Salula duk a aljihu. Hoton matar aure tana kuka in ya shiga WhatsApp ba ya dawowa. Labaran da za su ba ku, ku sauya musu kama sosai kafin su shiga wasan, don garin nan da an ce tsohuwa mai saida ƙuli a unguwa kaza an gama gane gidan. Mai kwaikwayon ma mutum ce, kada ta yi fiye da abin da za ta iya a yini, kuma in an tashi a zauna da ita a sha shayi a kira ta da sunanta.

Hawaye ba ma'auni ba ne, Maigida, mu nan ko a fim ɗin Kano muna zubar da su. In kun zo zagaye na biyu, wanda za ku kira maza, ƴaƴan tsofaffin da ƙannen miji da jikoki samari, ka bar mako guda ya wuce sannan ka aika a tambayi matan gidan, ba su mazan ba. Ya shigo ya zauna da ita ko sau ɗaya? Ya daina yi mata gardama? Ya rufe bakin rijiyar? Da ta ce an sace mata kuɗi, bayan wa ya bi? Amsar nan ita za ta gaya maka ko ku fita da wasan ko ku koma ku sake ɗinki.

Saura abu ɗaya da na tabbata ba ku sa a lissafi ba. Matan nan da nake cewa ka fara kira ba za su iya zuwa ba. Wa za su bar wa tsohuwar? Goro da sabulu da ƴar jikka ta mota duk ka tanada, amma ba su ne za su fito da su ba. Sai kun ba da mutum. Duk matar da za ta zo gwaji, ɗaya daga cikinku ya je ya zauna a madadinta tun daga hantsi har ta dawo, mace a ɗakin tsohuwa, namiji a wurin tsoho, ba littafi a hannu, ba waya. Ni zan shiga gidajen in nemi izinin masu su, don ni ba za su ƙi ni ba. Ka gaya wa abokanka su zo da tufafin da ba sa jin ƙyashin ɓatawa. Kai kuma na riga na zaɓa maka gida, na wani tsohon mahauci da har yanzu yake tashi da asuba yana neman wuƙaƙensa.